Kunkuru Mai Ƙafa Uku

Mahaifina maɗinkin tamfol ne. Aikinsa shi ne ɗinka manyan tamfol ɗin nan da ake rufe kayan mota da su, motocin da ke loda shinkafa da sukari da atamfa a tashar jirgin ruwa su kama hanyar arewa. Direban irin wannan mota ba ya tsoron ramin hanya kamar yadda yake tsoron ruwan sama ya sami ƙofa ya shiga masa cikin buhunan sukari. Saboda haka yakan yi tafiya mai nisa don ya kai tamfol ɗinsa hannun da ya yarda da shi, kuma a tsohon Zongon Lome hannun nan na Baba ne.

Ban taɓa jin wani ya kira shi da sunan yankansa ba, in ban da Inna idan tana ba da labarinsa a bayan idonsa. Kowa Mai Kunkuru yake ce masa. Sunan ya samo asali ne daga allon da ke rataye a ƙofar rumfarsa, katako mai kauri da aka zana wa kunkuru a tsakiya, da rubutun Faransanci a sama da na ajami a ƙasa. Yawancin direbobin ba sa karanta ko ɗaya daga ciki, kunkurun suke nema. Baba yakan ce ya zaɓe shi ne don shi kaɗai ne dabbar da ke yawo da rufinta. Iskar teku mai gishiri ta daɗe tana cin fentin, har ƙafar baya ɗaya ta goge gaba ɗaya. Daga nan direbobi suka riƙa kwatanta wa juna tun daga garuruwan arewa irin su Dosso ko Gawo: idan ka shiga Zongon Lome, ka nemi kunkuru mai ƙafa uku.

Ina ganin ya kamata in faɗa tun yanzu cewa sunan nan shi ne dukiyar Baba. Filin da muke zaune ba namu ba ne, ba shi da gona, ba shi da shanu a hannun wani. Abin da ya tara a duniya shi ne idan an ce Mai Kunkuru, a san shi ake nufi.

Akwai wani da ya tashi a gidanmu wanda nake kira Yaya, ko da yake ba mu haɗa jini ba. Wani direba ne ya kawo shi daga arewa ya damƙa wa Baba don ya koyi sana'a, tun ban yi wayo ba. Ni an sa ni makarantar Faransanci, shi ya zauna gindin Baba. Akawu yake ce mini, yana yi yana dariya, ni ma ban taɓa jin haushin sunan ba. Mutum ne marar yawan magana. Abin da na fi tunawa da shi shi ne yadda yake kwaikwayon Baba ba tare da ya sani ba. Yadda Baba ke jan zare ta cikin kakin zuma sau biyu ya ɗaga shi ya duba a haske, haka yake yi. Yadda yake ture hula baya idan zai fara ɗinki mai wuya, haka yake yi. Har ɗan tarin nan da Baba ke yi kafin ya faɗi farashi, shi ma ya ɗauka. Inna takan ce idan tana cikin gida ba ta iya bambance wane ne ya yi tari.

Da ya ƙware, aka yi masa yaye. Maƙwabtanmu ’yan ƙasa suna yin nasu yayen da kwalaben giya da kiɗa, mu namu goro ne da addu'a da shaidu. Al'adar ita ce maigida ya ba wanda ya yaye kayan fara aiki daga cikin nasa, ba sababbi na kasuwa ba, don albarkar hannun ta bi shi. Baba ya ba shi basilla, wato babbar allurar ɗinkin, da almakashi da ƙullin kaki da guduma ta katako. Saura abu ɗaya. Maɗinkin tamfol yana buƙatar faffaɗan katako da zai shimfiɗa ɗinki a kai ya bubbuga har bakin ya kwanta, don ta nan ruwa ke shiga. A daidai lokacin nan Baba ya sa wani mai fenti ya yi masa sabon allo, na kwano, mai sheƙi, da kunkuru mai ƙafa huɗu cif wanda kamar yana murmushi. Tsohon allon yana jingine a bayan rumfa. Sai Baba ya ce a ɗauko shi. Ya kife shi, fuskar tana ƙasa, ya buga bayansa da tafin hannu don a ji ƙarfinsa, ya miƙa wa Yaya a gaban liman da dattawa. Aka shafa fatiha. Ina wurin, ni na riƙe tiren goron, kuma ban ga wanda ya ɗauki abin a bakin komai ba. Katako ne aka ba mutum ya yi aiki a kai.

Yaya ya tafi ya kafa ’yar inuwa kusa da tashar jirgin ruwa, ba allo ba komai, yana faci da ƙananan ayyuka. Ranar Juma'a yakan zo ya gai da Baba, ya ci tuwo a gidanmu.

Ina jami'a aka rushe tsohon Zongo, aka mayar da mu can arewa da gari. Ba zan yi dogon bayani a kan wannan ba. Zamani ne da mutum ke auna maganarsa ko a cikin ɗakinsa, kuma har yau idan na zo kan batun sai in ji alƙalamina yana jan ƙafa. Abin da ya shafi labarina shi ne, a sabon wurin ba wanda ya san inda kowa yake. Bishiyar da ake kwatance da ita babu, lungun mahauta babu, masallacin da ake cewa ka karya dama da shi babu. Fili ne fetal da rumfunan kwano masu kama da juna. Baba ya sami wuri a can ciki, nesa da titi. Ya rataya sabon allonsa ya zauna yana jiran direbobi su gano shi.

Kaɗan ne suka gano shi. Muka ɗauka ruɗanin ƙaura ne, zai wuce.

Wata Juma'a bayan an idar da salla, wani tsohon direba daga Nijar, wanda ya daɗe yana hulɗa da Baba, ya ratso sahu ya kama hannunsa da hannu biyu. Ya ce ya zo ne ya yi godiya. Tamfol ɗin da aka ɗinka masa a watan da ya wuce ya sha ruwa tun daga garin Sokode har iyaka, ko ɗigo bai shiga ba. Ya ce ya so ya ga Baba a ranar, amma aka ce masa ya ɗan fita. Baba bai ɗinka wa mutumin nan komai ba tun kafin a rushe Zongo. Ina tsaye a gefensa na ji ya ce madalla, Allah ya tsare hanya. Sai ya roƙi direban ya kai shi ya ga motar.

Ya sa aka sauko da gefen tamfol ɗin, ya juya bakinsa, ya bi ɗinkin da babban yatsansa a hankali kamar mai karatun allo. Ya daɗe a haka. A hanyar komawa gida, da muka kusa ƙofa, ya juyo gare ni.

"Ban ga inda zan ce ba nawa ba ne," in ji shi.

Washegari da hantsi muka bi kwatancen direban. Rumfar tana bakin babban titin da motocin arewa ke bi, inda ba mai wucewa bai gan ta ba. A samanta ga tsohon allonmu, an juyo da fuskarsa waje, an wanke shi. Kunkuru mai ƙafa uku. Na san ni ba yaro ba ne a lokacin, amma sai na ji kamar na ga gidanmu da aka rushe ya taso ya tsaya a bakin hanya. Motoci uku ko huɗu na jere. Yaya yana ciki, ya ture hula baya.

Da ya gan mu ya taso da sauri, ya durƙusa har ƙasa, ya kawo tabarma da ruwa. Baba ya zauna, ya tambaye shi aiki, ya tambaye shi iyali. Bai ɗaga kai ya dubi allon ba ko sau ɗaya. Yaya da kansa ya kawo maganar, kansa a sunkuye. Ya ce da aka yi ƙaura direbobi suna ta yawo suna neman kunkuru, wasu har suna kai aikinsu wurin baƙin da ba su iya ba, shi ne ya ga gara ya rataya don aikin kada ya fita daga gida. Ya ce duk wanda ya tambayi Baba yana kwatanta masa. Wataƙila gaskiya ya faɗa. Wataƙila kuma rabin gaskiya ce. Na juya maganar nan a raina shekaru da yawa, kuma ba zan rantse a kan ko ɗaya ba. Baba ya ce to, ya shanye ruwansa, muka tashi.

Ni a lokacin ina karatun shari'ar kasuwanci, kuma na san akwai ofishin da ake rubuta sunan sana'a don kada wani ya yi amfani da shi. Na yi wa Baba bayani da iyakar taka-tsantsan ɗin da zan iya. Na ce ban tabbata za a yi nasara ba, amma akwai hanya. Ya saurare ni har na gama. Sannan ya tambaye ni, idan ya kai sunansa can, wane suna za su fara tambaya, na kunkuru ko na kakansa da ya zo daga ƙasar Katsina. Ya tuna mini ’yan'uwanmu da aka koro daga Ghana da buhu a ka. Ya ce a zamanin da ake sa ’yan ƙasa ma su ajiye sunayen da iyayensu suka raɗa musu, ba shi ne zai ɗauki nasa ya kai teburin hukuma a duba ba. Mu dai a bar mu, ranar da aka ce a rufe rumfuna a fita bakin titi a tafa wa masu mulki, mu fita mu tafa mu dawo. Ban iya musa masa ba, don ni ma tsoron nan yana cikina. Na ce to ya aika wa Yaya ya dawo da allon. Ya dube ni kamar na yi saɓo. Ya ce ashe ban ji abin da malamai ke faɗa a kan wanda ya yi kyauta ya koma ya karɓe ba.

Inna ce ta kai maganar gaban dattawan Zongo, ta hannun ƙaninta. Aka zauna a zauren sarkin Zongo da la'asar. Baba ya zo ne don kada a ce ya raina kira, ya zauna a gefe yana jan carbi. Kawuna ya yi bayani. Yaya ya maimaita abin da ya faɗa mana. Liman ya ce shi shaida ne an ba da allon, kuma bai ji an ce aro ba ne. Wani tsohon mahauci, abokin wasan Baba, ya ce shi abin da ya ɗaure masa kai, yaya aka yi mai ƙafa uku ya riga mai ƙafa huɗu isa bakin titi. Aka yi dariya. Mahaucin ya juyo wurin Baba.

"Kai ma Mai Kunkuru, ka zauna kamar ba da kai ake ba. Kunkuru yana son dambe, ba shi da yatsa."

Baba ya yi murmushi.

Dattawan suka shiga tsaka mai wuya. Kyauta ba ta komawa, wannan ba wanda ya yi jayayya. Amma kuma ba daidai ba ne mutum biyu su amsa suna ɗaya a unguwa ɗaya. Sai wani daga cikinsu ya kawo shawarar da kowa ya ga ta yi kyau. Tun da yaron nan ɗa ne a gidan, a can ya ci ya sha ya koyi sana'a, to a rubuta haka a allon. A ƙara kalma ɗaya a sama, ya zama Ɗan Mai Kunkuru. Ta haka an girmama uba, an kuma bambanta. Kyan ɗa ya gaji ubansa, in ji shi, aka ce haka ne. Aka tambayi Baba ko ya yarda. Ya ce abin da dattawa suka gani. Ni ba a tambaye ni ba, kuma ba na jin da an tambaye ni zan hango abin da ke tafe. Abin da na ji kawai shi ne wani ɗan rashin daɗi da aka ambaci kalmar ɗa, na kuwa ɗauka kishi ne irin na yarinta, na danne shi.

Yaya ya cika umarni tun kafin mako ya zagayo. Ya sa aka rubuta kalmar da Faransanci da ajami, da farin fenti.

Abin da ya biyo baya ba wanda ya nufe shi. Direbobin da ba sa karatu ba abin da ya canja musu, kunkurunsu na nan da ƙafa uku. Waɗanda ke karatu kuwa suka karanta wa sauran, labari ya bi hanya har arewa cewa tsoho ya gaji, ya miƙa wa ɗansa rumfa. Da can akwai masu shakka, su riƙa tambaya har su iso wurinmu. Yanzu shakka ta kau. Wanda ma ya ɓata hanya ya faɗo lungunmu, idan ya ga kunkurun kwano mai murmushi sai ya ce wannan na kwaikwayo ne, ya juya. Na taɓa jin wani yaron mota yana faɗa wa maigidansa haka a ƙofar rumfar, Baba yana zaune yana ji.

Bai daina fitowa ba. Kullum da safe zai share rumfa, ya shimfiɗa tsohon tamfol, ya ja zare cikin kaki ya ɗaga ya duba a haske. Wani lokaci mata su kawo masa buhu ko labulen shago ya yi musu faci. Yaya ya riƙa aiko masa da aiki, yana cewa ya yi masa yawa, Baba kuma ya riƙa mayarwa da godiya yana cewa idonsa ba ya gani sosai. Zuwan Juma'a ya ragu, daga baya ya tsaya. Ba faɗa aka yi ba. Ina jin kowannensu ya kasa samun inda zai ajiye idonsa ne. Sau ɗaya tak Baba ya yi mini maganar. Ina zaune kusa da shi ina karatu, sai ya ce, ba tare da ya dube ni ba, shi abin da yake so kawai ranar da ya mutu a ce Mai Kunkuru ya rasu, kada wani ya tambaya wanne.

Ya rasu a farkon damina bayan gajeriyar jinya. ’Yan unguwa sun zo, Yaya yana cikin waɗanda suka ɗauki makara, kuma ya yi kuka irin wanda ba a yi don a gani. Amma direbobi, mutanen da Baba ya yi wa aiki tsawon ransa, ba su zo ba sai ɗaiɗaiku. Ba su ji ba. Wanda ya ji ma ya wuce ta bakin titi ya ga rumfa a buɗe, ya ce ƙarya ne.

Daga nan gaisuwa ta fara zuwa. Inna tana sayar da koko da ƙosai a kusa da inda motoci ke tsayawa, bayan ta fita takaba. Direban da ya gane ta sai ya tsaya ya gaishe ta da fara'a, ya ce ya biyo ta rumfa ya hango Baba yana aiki, jikinsa da ƙarfi, Allah ya ƙara lafiya. Wani ya ce bai tsaya ba don sauri, amma ya ji tarinsa. Wani ya ba ta goro ya ce a kai wa tsoho. Da farko takan gaya musu. Sai su yi salati, su ce amma ai shekaranjiya aka ce musu yana gida yana hutawa. Daga baya ta daina gaya musu, ta karɓi goron ta ce zai ji. Ta dawo gida ta zuba shi a ƙwaryar da Baba ke ajiye nasa, ya bushe a nan.

Wata rana ta kira ni ta ce ta gaji da amsa gaisuwar mamaci. Ta ce Baba ne ya yi kyauta, shi ne ba zai karɓe ba, ita ba ta ba kowa komai ba. In je in gaya wa ɗan'uwana ya bar mijinta ya kwanta.

Na yi ta ɗagawa. Na riga na fara aiki a wani ofishin fiton kaya kusa da tashar jirgin ruwa, ina da uzurin da zan bayar kullum. Ranar da na je, da yamma ce, hadari ya haɗu amma ruwa bai sauko ba, hasken ya yi wani iri kamar na cikin kwalba. Na sauka a tsallaken titi. Motoci na wucewa tsakanina da rumfar, ina ganinta tana ɓacewa tana dawowa. A ƙarƙashin allon akwai mutum zaune, ya ba ni gefe, ya ture hula baya. Ya ja zare cikin kaki, ya sake ja, ya ɗaga shi sama ya duba. Na san wanda nake kallo. Ni na zuba ƙasa a kabarin Baba da hannuna. Duk da haka na ji bakina yana shirin yin sallama irin wadda nake yi masa idan na dawo daga makaranta. Sai mutumin ya yi ɗan tarin nan. Ban san iya lokacin da na tsaya ba.

Shi ya hango ni. Ya ce, "Akawu, tsallako mana, mota za ta kwashe ka."

Ya yi furfura a gemu, abin da ban lura da shi ba ranar jana'iza. Muka gaisa, ya tambayi Inna. Na shirya maganata tun a hanya, da ladabi da hujjoji, amma ban faɗi ko rabinta ba. Na ce masa kawai mutane suna kawo wa Inna gaisuwar Baba. Ya ajiye basilla.

"Suna tambayata ina Baba," in ji shi. "Sai in buɗe baki in faɗa, in ji na ce yana gida. Wallahi kullum sai na ce gobe zan faɗa."

Na dubi fuskarsa ina neman abin da zai nuna mini ko don ciniki yake yi, ko don bakinsa ya kasa ne da gaske. Ban samu ba. Ina jin shi kansa bai sani ba.

Ban roƙe shi allon ba. Shi ya tashi ya ɗauko benci ya hau, ya kwance wayar da ta riƙe shi. Katakon ya fi yadda nake tunawa nauyi. Bayansa duk ramuka ne na guduma, daga shekarun da ya yi yana kife. Ya yanko gutsuren tamfol ya naɗe shi don hadari, ya ɗinke bakin da sauri, ninki biyu, ya tsayar mini da mota. Da zan shiga ya ce in gaya wa Inna ta yafe masa. Na ce zan faɗa. Ruwa ya kece muna hanya, amma da na kwance allon a gida a bushe yake.

Inna ta dube shi, ta shafa wurin da ƙafar ta goge, ta sa aka jingine shi a ɗakin Baba, fuskar tana bango. Ta ce alhamdu lillahi. A ranar ta zubar da busasshen goron.

Gaisuwa ta ragu, gaskiya ne. Yaya ya fara gaya wa masu tambaya, wasu tsofaffin direbobi har suka zo gida suka yi ta'aziyyar da ta makara. Na ɗauka magana ta ƙare ke nan. Sai dai rumfar bakin titi ba ta sake rataya wani allo ba, kuma ba ta buƙata. Tsofaffin direbobi suka bar hanya ɗaya bayan ɗaya, yaran motarsu suka zama direbobi. Su ba su san an taɓa yin wani Mai Kunkuru kafin Yaya ba. Kalmar da dattawa suka ƙara ta faɗi da kanta daga bakin mutane, ba wanda ya cire ta. Idan an ce Mai Kunkuru, ba mai tambaya wanne.

Bayan rasuwar Inna allon ya dawo hannuna. Yana nan a bayan kabad, ban san abin da zan yi da shi ba. Ba na iya rataya shi, ba na iya ba wani, ba na iya sa shi a wuta. Matata ta taɓa cewa a yi teburin yanka albasa da shi, na ce a bari tukuna.

Wata rana, shekaru bayan haka, ina tsaye a ƙofar ofishinmu da takardun wata mota a hannu, wani matashin direba ya matso ya yi sallama. Ya ce wannan ne zuwansa Lome na farko, tamfol ɗinsa ya yage a hanya, kuma mahaifinsa ya ce masa kada ya ba kowa sai Mai Kunkuru. Ya ce mahaifin nasa ya daɗe da barin tuƙi, amma har yanzu yana ba da labarin wani allo mai kunkuru da ƙafa uku a tsohon Zongo. Ya tambaye ni ko na san wurin, ko mutumin yana nan da rai.

Na san wanda mahaifinsa yake nufi. Na buɗe baki in gaya masa. Sai na dubi sama, gabas ta yi baƙi, motarsa kuma cike take da sukari. Na ce masa ya kama hanyar arewa, idan ya kusa Zongo ya duba hannun dama, rumfa ce ba allo, zai ga wani dattijo da hula a ƙeya.

Ya yi godiya, ya ce in ya je zai ce ni na turo shi. Ya tambaye ni, wa zai ce? Na ce ya ce Akawu.